Mita Goma Daga Bakin Ƙofa

Ranar da majalisar garinmu ta sa hannu a kan dokar hana shan sigari, watana huɗu ke nan da kama aikin duba-gari a sashen lafiya. Har lokacin aikina bai wuce leƙa kwatoci da ɗakunan girkin masu sayar da abinci ba. Oga, shugaban sashen, ya tara mu mu shida a ofishinsa, ya kashe fanka don kada takardu su tashi, ya karanta mana dokar daga farko har ƙarshe yana sharce gumi. Ba a shan sigari a shago, ko ofis, ko motar haya. Duk mai son sha sai ya yi nisan mita goma daga kowace ƙofa. An hana sayar da ita kara-kara, sai dai kwali guda, kuma kowane kwali zai zo da hoton gargaɗi. Wanda aka kama karon farko ba za a ci shi tara ba, takarda za a ba shi ya je ajin daina sha a asibiti, zama huɗu.

Daga nan ya raba mana wurare. Ni aka ba babbar kasuwa.

"Da matsala ne?" in ji Oga, da ya ga na tsura wa takardar ido.

Na ce babu. Alhali akwai, domin a layin teloli na wannan kasuwa, shago na bakwai in ka shigo ta ƙofar gabas, kawuna yake.

Kawu yayan mahaifiyata ne, kuma a hannunsa na tashi tun ina aji uku na firamare. Shekararsa arba'in a kan keken ɗinki, sigari kuwa ta girmi keken da shekara biyu. Yakan zura zare a allura da kara a gefen baki, ido ɗaya a kanne saboda hayaƙi, kuma bai taɓa ƙona wa kowa yadi ba. Wannan ne abin alfaharinsa. Masu kawo masa ɗinki sun riga sun san tsarin: in ka karɓi rigarka, sai ka shanya ta kwana biyu kafin ka sa. Tun da na samu aikin gwamnati ya ajiye sunana a gefe, sai dai ya ce Hukuma.

Da yamma na same shi a tsakar gida yana shan shayi, Inna matarsa tana ninke wanki a kan tabarma.

"Kawu, doka ta fito."

"Na ji a rediyo. Allah ya ja zamanin Hukuma."

"Ranar Litinin za ta fara aiki. Kuma kasuwarku aka ba ni."

"To madalla. Sai ki riƙa taho min da abincin rana, Innarki ta huta."

"Da gaske nake, Kawu. In na kama ka zan rubuta."

Ya ajiye kofi ya dubi Inna. "Kin ji ko? Yarinyar da na koya wa riƙe fensir."

Inna ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Shekara talatin ina kafa wannan dokar a gidan nan, ba wanda ya ba ni yunifom. Ki rubuta, 'yar nan. In biro ya ƙare ina da wani."

Ranar Litinin da hantsi na shiga layin teloli. Sai na tarar da shagon Kawu a buɗe, ba kowa a kan keke. Can na hango shi durƙushe a tsakiyar hanya da tef ɗin awo a hannu da alli a bayan kunne. Amininsa, mai gyaran agogon da ke shagon da ke kallon nasa, wanda kowa ke kira Mai Agogo, shi ke danne masa bakin tef ɗin da babban yatsa. Mutane sai ratse su suke yi.

"Kawu, me ake yi haka?"

"Biyayya ake yi," ya ce. "Doka ta ce mita goma. Ni kuma ba na yanka sai na auna."

Tef ɗin tela mita ɗaya da rabi ne, don haka sai da suka shimfiɗa shi kusan sau bakwai. Inda awon ya ƙare, Kawu ya zana da'ira da alli, ya shiga ciki ya gyara tsayuwa, ya zaro kwali daga aljihu.

Na ce, "Waiwaya ka gani."

Ya waiwaya. Taku biyu ne tsakaninsa da ƙofar mai sayar da takalma.

"Dokar cewa ta yi daga kowace ƙofa, ba taka kaɗai ba."

Mai Agogo ya cire tabarau ya goge. "Wanda ya rubuta dokar nan ya taɓa shiga kasuwa kuwa? Nan ai in ka yi atishawa a ƙofar wani za ta sauka."

Ba su haƙura ba. Kwana biyu suka yi suna auna kasuwar nan, daga layin teloli zuwa na masu kwanuka, daga can zuwa na masu littattafai. A ƙarshe suka gano wuri ɗaya tak da babu ƙofa kusa da shi: bayan tankin ruwa, can ƙarshen filin ajiye motoci, inda ko inuwar sanda babu. Daga shagon Kawu zuwa can tafiyar minti shida ce ga mai lafiyar gwiwa, shi kuwa gwiwarsa ta hagu ta daɗe da yin ritaya. Mutumin da yake kunna wata da wutar wata, sai ga shi yana lissafin ko tafiyar ta cancanci wahalar. In ya tafi kuma ya dawo ya tarar mai kawo ɗinki ya gaji da jira ya shiga shago na takwas.

"Wannan ba doka ba ce," ya ce min a gida, yana shafa man zafi a gwiwa. "Motsa jiki ne aka ɓoye a cikin takarda."

Bayan sati uku sabbin kwalaye suka shigo kasuwa. A jikin kowanne akwai hoto: wani huhu ne baƙi ƙirin, wani baki ne da haƙora suka zube, wani kuma mutum ne kwance da robar numfashi a hanci. Na ga Kawu ya sayi nasa, ya juya shi ya kifa a kan teburin yanka, sai ya tarar bayan ma hoton ne. Na yi murna a raina, na ce wannan kam za ta yi aiki.

Ana haka, wata safiya Oga ya kira taron gaggawa. Ya ɗaga wata 'yar jaka ta ƙyalle, daidai girman kwalin sigari, da murfi da ɗan maɓalli, ɗinkin nan tsaf kamar na kanti.

"A aljihun direbana na samu wannan," ya ce. "Majalisa ta sha wahala kafin a sa hotunan nan, wani kuma ya zauna yana ɗinka musu riga. An ce rabin masu shan sigarin garin nan suna da ita. Wa ke yin wannan aikin?"

Aka miƙa jakar tana zagayawa. Da ta iso hannuna sai na gane ta. Ƙyallen ruwan ƙasa ne, irin na yunifom ɗinmu sak. Ragowar yadin da na kai wa Kawu ne ya ɗinka min riga da siket. Na yi maza na miƙa wa na kusa da ni, na ja hannun rigata ƙarƙashin tebur.

Aka duba dokar sama da ƙasa, ba inda ta hana sa wa kwali riga. Oga ya ce zai rubuta wa majalisa. Ni kuwa ana tashi na nufi shago na bakwai. Ga su nan jere a kan igiya, kala-kala, har da masu zif.

"Kawu! Da yadina?"

"Ragowa ce, Hukuma. Da zubarwa za a yi."

"Hoton nan an sa shi ne don mutane su gani su ji tsoro."

"Ai sun gani. Tsoron ne ya kawo su wurina." Ya ci gaba da taka keke. "Ni ma na gani. Mutumin nan mai roba a hanci, kin lura da kunnuwansa? Irin nawa ne. Yaya za a yi in riƙa yawo da shi a aljihu?"

Ya faɗe ta da sigar wasa, amma bai dube ni ba. Na kwance igiyar na tattara jakunkunan, bai hana ni ba. Sai da na kai ƙofa ya ce in bar masa mai zif ɗin, an riga an yi masa magana a kanta.

Abin da nake gudu ya faru ne ranar wata Laraba da aka wuni ana ruwa. Oga ya ce zai bi ni zagaye ya ga yadda doka ke tafiya a kasuwa. Muna cikin layin teloli ruwan ya ƙara ƙarfi, muka fake a rumfar da ta fi kusa, wadda kuma ta zama ta Kawu. Shagon shiru, ba kowa a kan keke. A kusurwa akwai labulen da masu gwada kaya ke shiga bayansa. Ta ƙasan labulen ƙafafu huɗu ne a jere, ta samansa kuma wani siririn hayaƙi yana tashi a natse.

Oga ya dubi hayaƙin, ya dube ni.

Na yi gyaran murya. "Salamu alaikum."

Sai aka ji muryar Mai Agogo ƙasa-ƙasa: "Ana gwaji."

"Ku biyu?"

"Wandon ne babba," in ji Kawu.

Tari ne ya tona su. Ya kama Kawu ya ƙi sakinsa, har labulen yana girgiza. Suka fito ɗaya bayan ɗaya, kara ɗaya suke rabawa, Mai Agogo ya ɓoye ta a bayansa kamar ba hayaƙi ke fita ta kafaɗarsa ba. Na zaro littafin takardun. Na fara da Mai Agogo, na gama, na juyo.

"Suna?"

Kawu ya buɗe baki. "Ni kike tambaya suna?"

"Haka takardar ta ce."

"Rubuta wanda ya saya miki takalmin makaranta sau tara."

"Adireshi?"

"Ɗakin da ke kallon naki."

Oga ya juya baya yana duba wasu maɓallai a cikin kwalba, kafaɗunsa suna motsi. Na cike takardar da kaina, na yage na miƙa da hannu biyu, har da ɗan rusunawa, don ban san yadda ake kama kawu ba. Ya karɓa ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu. Ranar ko sannu bai ce min ba a gida. Inna kuwa ta ƙara min nama biyu a kwano, a gabansa.

Ajin ana yinsa ne duk Asabar da safe, a hawa na biyu na asibitin gari. Ranar farko na bi bayansu daga nesa, don na san halin mutanena, suna iya ɓacewa a hanya. Mai Agogo ya haye abinsa. Da na shiga sai na tarar da Kawu zaune a kan matakala, a tsakiyar hawa na farko, ya dafa gwiwa, ƙirjinsa yana sama yana ƙasa, wani sauti yana fita kamar ana zuƙar ruwa da tsinke.

Na zauna kusa da shi.

"Shagona na farko a saman bene yake," ya ce, da numfashin ya daidaita. "Hawa uku. A ka na ɗauki kan keken nan na hau da shi, ban tsaya ba ko sau ɗaya. Innarki tana ƙasa tana kallo, lokacin ko aure ba mu yi ba." Ya juyo ya dube ni. "Kada ki gaya mata na zauna."

"Ba zan faɗa ba."

"Kuma ba fushi nake da ke ba. Da takardar nake."

Na kama hannunsa muka ƙarasa a hankali.

Nas ɗin da ke koyar da ajin wata doguwar mata ce mai fara'a, wadda da gani ta saba da taurin kan dattawa. Ba ta yi musu wa'azi ba. Ta fito da wata 'yar na'ura mai bututu, ta ce kowa ya hura, za ta nuna da lamba yawan gubar hayaƙin da ke jikinsa. Su goma sha ɗaya ne a ajin. Mai Agogo ya hura, ashirin da biyu. Kawu ya hura, talatin da ɗaya, ba wanda ya kai shi.

Ya dubi ajin yana murmushi. "Na ɗaya ke nan?"

"Daga ƙarshe, Baba," in ji nas. "Wanda ba ya sha, tasa ba ta wuce biyar."

Mai Agogo ya yi dariya har da buga ƙafa. Wannan dariyar ce ta yi abin da ni da Inna da majalisa muka kasa. Shekara talatin suna gasa, a dara, a labarin ƙwallo, har a kan wanda furfurarsa ta fi kyau. Kawu ya karɓi filastar da ake mannawa a dantse don rage ƙwaɗayin sigarin, ya karɓi cingam ɗin magani, ya tambayi nas sau biyu ko in aka manna filasta biyu lambar za ta fi saurin sauka. Ta ce kada ya kuskura.

Satin da ya biyo baya, gidanmu ya ga tashin hankali. Kawu ya yi faɗa da rediyo, ya yi faɗa da kyanwar maƙwabta, ya ce an canza masa ɗanɗanon shayi. A shago ya ɗinke wa wani malamin makaranta ƙafar wando ɗaya ruf, ya sa wa rigar wani aljihu a baya. Bakinsa ya saba da riƙe abu, don haka ya koma tauna duk abin da ya samu: fensir, murfin biro, har allin awo ya taɓa kaiwa baki. Inna ta sayo masa gyaɗa da alewa ta cika masa aljihu.

"'Yar nan," ta ce min a ɗakin girki, "dokar taku ba ta da wani sashe na matan masu dainawa? Mu ma a ba mu filastar."

Asabar ta biyu ya hura sha huɗu, Mai Agogo sha tara. Ta uku ya koma ashirin, domin ranar Alhamis wani ya dawo masa da ɗinki ya gaya masa magana, shi kuma ya tafi bayan tanki ya shanye uku a jere. Ya zaci nas za ta yi masa faɗa. Sai ta ce kusan kowa yakan zame sau ɗaya ko sau biyu, abin da ake so shi ne a dawo, ga shi kuma ya dawo. Asabar ta huɗu ya hura shida. Ya nemi a rubuta masa a takarda, ya kai shago ya manna a bango, daidai inda Mai Agogo zai riƙa hangowa daga nasa shagon.

Zama huɗun ya ƙare, amma Kawu bai daina zuwa ba. Da farko wai rakiya yake yi wa Mai Agogo, wanda ya maƙale a kan kara biyu a rana. Daga baya ya koma zama a gaba yana taya nas bayani, har sai ta ce, "Baba, bari in ƙarasa tukuna."

Ni kuwa sai wayata ta daina hutawa.

"Hukuma, kina ina? Ga wani nan a layin masu kwanuka, jar hula, yanzu ya kunna."

"Kawu, ina cikin taro."

"To ya kusa rabi, ki yi sauri."

A rana sai ya kira sau biyar. Masu dako suka fara canza hanya in sun hango shi. Wani mai shago da ke sayar da sigari kara-kara a ɓoye ya zo har gida yana roƙon Inna ta sa baki. Na zaunar da Kawu na yi masa bayani cewa shi ba ma'aikaci ba ne, ba shi da ikon tsare kowa, kuma mutane lallashi suke so kamar yadda aka lallashe shi.

"Ni lallashina aka yi?" ya ce. "A gaban Oganki kika tambaye ni sunana."

Wanda ya fi ba ni wahala shi ne wani ɗan majalisa. Yana cikin waɗanda suka kawo dokar, har a rediyo an ji shi yana bayaninta. Ya zo karɓar ɗinki a wurin Kawu, yana jira a ƙarasa masa maɓalli, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya kunna abarsa. Kawu ya ɗauki waya ya kira ni, sannan ya zauna yana warware maɓallan da ya riga ya ɗinka, ɗaya bayan ɗaya, yana sake ɗinka su, har na iso.

Na tsaya a gaban mutumin nan da littafina.

"Ranka ya daɗe, doka ta ce..."

"Na san abin da ta ce, ni na karanta ta a zaure." Ya dubi sigarin, ya dubi mutanen da suka fara taruwa, ya take ta da takalmi. Sai ya yi dariya. "Rubuta, 'yata. In na ƙi, gobe ba ni da bakin magana."

"Asabar ƙarfe tara," in ji Kawu, yana ninke masa rigar. "Hawa na biyu. Ka zo da wuri, kujerun gaba sun fi iska."

Ya kuwa je. An ce ya hura ashirin da bakwai, Kawu ya dafa kafaɗarsa ya ce kada ya damu, shi da ya fi haka ma ga shi.

Yanzu wata bakwai ke nan Kawu bai sa kara a baki ba. Tarin safe ya ragu sosai, ko da yake nas ta ce huhun da ya sha hayaƙin shekara arba'in ba zai koma sabo ba, sai dai a hana shi ƙara lalacewa. Mai Agogo yana nan a kan biyunsa, kullum yana cewa wata mai zuwa. Gyaɗa da alewa kuwa sun yi nasu aikin. Ranar Lahadin da ta wuce na tarar da Kawu a tsakar gida ya baje wandunansa gaba ɗaya a kan tabarma, yana farke ƙugunsu yana ƙara inci biyu-biyu.

"Kawu, ƙiba aka yi ne?"

"Wace ƙiba? Yadin zamani ne, da an wanke sai ya tsuke."

"Har da wanda ka yi shekara goma kana sawa?" in ji Inna daga ɗaki.

Sai ya miƙo min allura da zare ya ce in zura masa, wai hasken wurin bai isa ba.